Sumar Da Khairiyya Ba Ta Yi Ba

Ranar da aka sallamo Malam Gwadabe daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, baki a karkace, 'ya'yansa uku suka zauna a tsakar gida don a raba jinya. Rabon bai ɗauki minti goma ba. Dokta Saifuddeen, babban ɗa, malami a jami'ar nan ta Wudil, ya ce yana da lacca daga Litinin zuwa Alhamis, ga kuma takardun neman ƙarin girma a gabansa. Garzali ya ce shagonsa na bakin gada ba ya rufuwa, kuma damina ta faɗi, gonar Darki ba ta da mai leƙawa sai shi. Mas'uda, matar Dokta, ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce ita kam kunyar surukinta ba za ta bar ta ko tsayawa a kansa ba. Sai duk idanu suka koma kan Auta.

Auta ita ce Khairiyya, mataimakiyar matuƙi a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama mai zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Yola da Sakkwato. Shekara shida tana zama a kujerar dama, da igiya uku a kafaɗa. A wannan shekarar ne layi ya iso kanta. Sunanta na cikin mutum biyun da kamfani zai tura horon zama kyaftin, saura mako bakwai a tafi. Duk wanda layinsa ya wuce shi, sai ya jira wani zagayen, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa.

"Yaya, ni fa ba hutu nake ba," in ji ta. "Kwana biyar ina tashi, kwana biyu ina jiran kira, sannan kwana uku na hutu. Hutun ma doka ce, don kada mutum ya hau jirgi da gyangyaɗi."

Dokta ya yi 'yar dariya ya gyara gilashinsa. "To ai kin faɗa da bakinki. Rabin aikin naki zama ne. Ke ba miji ba, ba ɗa ba, wa ya fi ki sarari a gidan nan? Kuma mace ita ta iya jinya, mu hannunmu nauyi gare shi."

Ummansu Hadiza, wadda gwiwoyinta suka daɗe da ƙin ɗaukar ta, ta ce, "Auta, ki yi haƙuri, lada ne." Shi ke nan an gama magana. Khairiyya ta kulle ɗakin da take haya kusa da filin jirgi a Kano, ta dawo Wudil da jaka ɗaya.

Jakar nan ba ta taɓa buɗe ta duka ba. A bakin ƙofar ɗakin Baba take zaune, kayan aiki a goge suna rataye a ƙusa, takalmi a ƙarƙashinsu. Ranar jiran kira, in waya ta buga, minti casa'in ke gare ta ta isa filin jirgi, alhali daga Wudil zuwa Kano kowa ya san yadda tirela ɗaya ke iya toshe gada ta tsayar da gari. Saboda haka ko kunu take ba Baba, kunnenta yana kan waya. Ko juya shi take yi, wanda likita ya ce a riƙa yi duk awa biyu don kada jikinsa ya yi gyambo, idonta yana kan agogo. In ya samu barci ta buɗe littattafan horo a gefen gado, ta karanta layi uku, ya yi tari, ta rufe.

Ranakun da take tashi su suka fi ci mata rai. Takan bar wa yayyenta takarda a manne a bango, ga lokacin magani, ga lokacin juyawa. Ta dawo bayan kwana biyar ta tarar da takardar tana nan yadda ta bar ta, shi ma Baba kusan yadda ta bar shi. Karo na biyu da ta dawo, ta ɗaga rigarsa ta ga fatar ƙugunsa ta saɓule.

"Yaya Garzali, ba kai ne da Talata da Laraba ba?"

"Wallahi na leƙo, Auta. Na tarar yana barci, na ce kada in tashe shi."

"Yaya Dokta fa?"

"Taro ya riƙe ni. Ke dai ba ki san jami'a ba. Kuma da kina nan ai da hakan bai faru ba."

Wannan magana ta ƙarshe ta fi kowacce yi mata ciwo, domin an ɗauki laifin an ɗora mata, kuma zuciyarta ta karɓa. Ta fara roƙon abokan aiki su yi musayar rana da ita, ta karɓi tashin safe don ta dawo da wuri. Ta rame. Wandon aikinta sai da ta ƙara masa huda a ɗamara. Amma ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa hawa jirgi ba tare da ta yi barcin da doka ta ce ba, ko da kuwa sai ta kwana a ɗakinta na Kano ta bar Umma da kiran sunanta.

A gidan, sashen Dokta ne kaɗai ke da wutar sola. In an ɗauke wuta, can kowa ke kai wayarsa caji. Wata Laraba tana jiran kira, ta kai tata, ta koma tana wanke wa Baba baki. Da ta je ɗauka ta ga ofishin tsara tashi sun kira, kuma an amsa. Ta buga wa Rahinatu, mai kula da jadawalin matuƙa.

"Ai an samu wani," in ji Rahinatu. "Yayanki ya ce ba ki jin daɗi. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta same shi a falo yana duba takardun ɗalibai. "Yaya, me ya sa ka ce ba ni da lafiya?"

"To me zan ce? In ce ba ki da lokaci? Ina da lacca ƙarfe biyu, in kin tafi wa zai zauna? Kowa haka yake faɗa, Auta. Ko biki ba ki son zuwa ai cewa ake ba ki jin daɗi."

"Wannan ba biki ba ne. Komai rubutawa suke. Don Allah, don Annabi, kada ka ƙara ɗaukar wayata."

"Na ji," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

Ya ji ɗin kuwa, irin jin da manya ke yi wa ƙannensu. Mako biyu bayan nan, tana jiran kira kuma, ranar Juma'a, ranar kasuwar shanu, gari cike da ƙugin manyan motoci, wuta ta kwana uku ba ta zo ba. Dole ta sake kai wayar sashensa, ta roƙi Mas'uda in ta yi ƙara ta ƙwala mata kira. Ta zagaya bayan gida da zannuwan gadon Baba. Tana wanki tana kasa kunne, ta leƙo sau uku tana tambaya, Mas'uda na cewa ba a kira ba. Dokta ya fito cikin babbar riga da ƙamshin turare, ya ce daga masallaci zai wuce Kano gaida wani farfesa. Da yamma ta ɗauki wayarta, ba ta ga alamar kiran da aka rasa ba, ta yi hamdala ta sa a aljihu.

Ranar Litinin ta tafi aiki da jirgin Abuja a jadawalinta. Tana shiga ofis ta ga an cire sunanta daga allo. Rahinatu ta taso da sauri ta riƙe mata hannu, tana kallon fuskarta.

"Ke da ya kamata ki kwanta? Kyaftin Labaran na jiran ki."

Kyaftin Labaran shi ne shugaban matuƙan kamfanin, dattijo mai furfura wanda ba ya kwana-kwana. Ya nuna mata kujera. Ya ce duk kiran da ofishin tsara tashi ya yi ana naɗar sa, sannan ya danna wani abu a kwamfutarsa. Muryar Rahinatu ta fito tana cewa ana buƙatar Khairiyya a jirgin Yola na ƙarfe biyu. Sai muryar da ta sani tun tana goye ta amsa, a natse, har da gyaran murya.

"Ai ba ta da lafiya."

"Subhanallahi, kuma dai? Me ke damun ta? Sai na rubuta."

"Jiri ne ya kwashe ta ɗazu, ta yanke jiki ta faɗi. Har suma ta yi, sai da aka yayyafa mata ruwa."

"Da wa nake magana?"

"Yayanta ne, Saifuddeen."

Khairiyya ta dubi Kyaftin ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi tallahi ban taɓa suma ba a rayuwata. A lokacin nan wanki nake a bayan gida."

"Na yarda da ke," in ji Kyaftin. "Amma yardata ba ta tuƙa jirgi. A gida in an ce mutum ya suma, sannu ake masa. A nan kuwa, matuƙin da aka ce ya suma ko sau ɗaya, dole mu sanar da likitan matuƙa, kuma mun sanar. Ya dakatar da takardar lafiyarki. Za a binciki zuciya da ƙwaƙwalwa, a sa miki ido wata shida. Ba zan ɗora mutum saba'in a bayan wadda ɗan'uwanta ya ce tana faɗuwa ba."

"Horon fa?"

"Ranar Alhamis nake aika sunaye. Na yi magana da likitan. Ya ce in wanda ya yi wannan magana ya rubuta cewa abin bai faru ba, ya sa hannu, zai duba ki dubawa ta yau da kullum ya mayar miki da takardarki. Layi biyu kawai. Ki kawo min kafin azahar ɗin Alhamis."

Ta kamo hanyar Wudil tana tuƙi tana magana ita kaɗai. A ranta abin mai sauƙi ne. Yaya bai san nauyin abin da ya faɗa ba, in ya sani zai gyara. Har ta tsaya a wani shago ta sa aka buga mata takardar, don kada ya ce ba shi da lokacin rubutu.

Ta same shi bayan la'asar yana shan shayi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Umma na gefe a kan tabarma. Ta durƙusa ta yi masa bayani tun daga farko, ba ta ɗaga murya ba. Ya karɓi takardar ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye ta a kan tire.

"Wato so kike in sa hannu cewa ni maƙaryaci ne."

"Ba haka aka rubuta ba, Yaya. An ce abin bai faru ba."

"Duk ɗaya ne. Kin san inda takarda ke zuwa in ta bar hannun mutum? Ni da takarduna ke gaban kwamiti yanzu haka? Wani ya ɗauki hoton wannan ya watsa, a ce ga malamin da ya amsa ƙarya da hannunsa. Shekara goma sha huɗu nake gina sunan nan."

"Ni ma shekara shida nake bin layin nan."

"Ai ba korar ki aka yi ba. Wata shida ne, kamar gobe. Kuma tsakani da Allah, kin dubi madubi kuwa? Kin ga yadda kika koma? Wanda ya gan ki ai zai ce kina iya faɗuwa. Ƙila ma taimakon ki na yi."

Ta juya wajen mahaifiyarta. "Umma, ki sa baki."

Umma ta daɗe tana murza carbi. "Auta, ɗan'uwanki ne, babba ne. Kada ki tona masa asiri a gaban bare saboda aiki. Abin da Allah ya rubuta naki ne ba zai wuce ki ba."

Washegari ta je shagon Garzali a bakin gada, ta tsaya cikin hayaƙin motoci da ƙarnin kifi tana roƙon sa ya yi wa Yaya magana. Ya sosa ƙeya ya ce shi ba ya shiga tsakanin 'yan boko. Ta ce to ya rubuta shaida cewa lafiyarta ƙalau ranar. Ya ce ai ranar yana kasuwa, bai gani ba, kuma shi ba ya shaidar abin da bai gani ba. A gidan nan kowa ya zama mai tsoron ƙarya a daidai ranar da gaskiya za ta amfane ta.

Ranar Laraba ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Ta shiga ɗakin Baba ta fita ya fi sau ashirin, takardar na hannunta har ta fara laushi. Malam Gwadabe bakinsa ne ya mutu, kunnensa na nan. Ya kafe ta da ido, ya miƙo hannun hagu ya kama gefen zanenta. Sai ta durƙusa ta faɗa masa komai, tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar da ya faɗi. Tsohon ya yi ta kokawa da harshensa. "Sai... Sai..." yake cewa, yana dukan katifa da hannu. Ta fita da gudu.

"Yaya, Baba na kiran ka."

Dokta ya zo har bakin ƙofa, ya leƙa, bai shiga ba. "Kin gani ko? Kin je kin tayar masa da hankali. Mai hawan jini ake kai wa ƙara? In wani abu ya same shi, ki san ke ce." Ya juya ya ɗauki makullin mota.

Ranar Alhamis ta shirya tun da safe, ta sa kayan aiki, ta tsaya a jikin motar Dokta da takarda da biro. Ya fito ya ce ta matsa zai makara. Ta ce, "Yaya, layi biyu ne." Ya ce, "Auta, kada ki mayar da ni abokin wasanki." Ya ja mota ya fita. Ta bi shi da ido har ya sha kwana, ta daɗe a tsaye a wurin. Da aka kira azahar tana zaune a bakin gadon Baba da cokali a hannu, igiyoyinta uku a kafaɗa. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna saƙon Kyaftin Labaran ya shigo. Ya ce ya jira iyakar jira, an ba na bayanta gurbin, wani wanda ya shigo kamfanin shekara biyu bayan ta.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne yadda gidan ya samu natsuwa. Ba sauran takarda a bango, ba sauran rabon kwana. Garzali ya daina ko leƙowar da yake yi. Mas'uda ta ce wa maƙwabta Auta ta ɗauki dogon hutu saboda mahaifinta, aka yi ta sa mata albarka. Umma ta ce, "Kin ga ikon Allah, ya dubi Babanku ya zaunar masa da ke." Gyambon ƙugun Baba ya warke, gaskiya ne, kuma kowa ya nuna shi a matsayin hujja. Ita kuwa tana zuwa Kano ana manna mata wayoyi a ƙirji da kai, ana neman ciwon da babu shi, kowane gwaji ya fito lafiya lau, likita ya ce duk da haka sai wata shidan sun cika. In jirgi ya gifta ta saman kogi, takan san ko wanne ne da inda za shi, ta duba agogo ta ce a ranta ya makara da minti goma. Har yanzu in waya ta yi ƙara sai ta zabura ta kalli jakar bakin ƙofa.

A wata na huɗu ƙarin girman Dokta ya fito. Aka kafa rumfa a ƙofar gida ranar Asabar, aka yanka rago, abokan aikinsa suka cika kujeru. Bayan an ci an sha, ya shigo da manyan baƙi su biyar su gaida Baba. Suka yi kiciɓis da Khairiyya a tsakar gida, ta fito daga ɗakin da baho cike da zannuwa, hannun rigarta a naɗe.

"Yawwa, ga ta nan," in ji Dokta, fuskarsa cike da fara'a. "Ƙanwata ce, autarmu. Matuƙiyar jirgin sama ce. Mu gidanmu ba ma tauye 'ya mace, ni na tsaya mata tun daga farko."

Baƙi suka yi ta mamaki da sa albarka. Wani farfesa mai farin gemu ya ce, "Masha Allah! 'Yata, ashe da ke muke alfahari. Ni kusan duk wata sai na je Abuja. Yaushe za ki tashi da mu?"

Khairiyya ta sauke bahon a ƙasa. Ta gaishe shi da ladabi, har da rusunawa. Sannan ta dubi yayanta, ta dubi farfesan.

"Ranka ya daɗe, sai dai ka tambayi Yaya. An dakatar da ni wata shida, saboda ya gaya wa kamfaninmu na suma. Ni ban san na suma ba, shi ya gani. Tun da shi ya san ranar da na faɗi, shi zai san ranar da zan tashi."

Farfesa ya juya ya kalli Dokta, sauran ma suka kalle shi. Dokta ya gyara gilashi, ya gyara hula. Umma daga bakin ƙofarta ta ce, "Auta!" da ƙaramar murya.

Daga cikin ɗaki aka ji Malam Gwadabe yana dukan katifa da hannun hagu. Awa biyu ta cika, lokacin juya shi ya yi. Ga ɗansa na fari a tsaye, taku uku tsakaninsa da ƙofar. Ga Garzali can bakin zaure da ƙashin rago a hannu. Khairiyya ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallon su, baƙi ma suna kallo, dukan katifar na ƙara ƙarfi. Ta ba su minti guda cur, ta ƙirga shi a agogon hannunta. Ba wanda ya ɗaga ƙafa.

Sai ta goge hannu a zanenta, ta ratsa ta tsakanin manyan riguna ta shiga ɗakin.